Azumin Tebur Mai Doro

Zafin bana bai tarar da mu da azumi a baki ba. Sai bayan Sallah ya sauko, ya kuwa sauko da fushinsa. Da la'asar in na fito ƙofar gida da kular ƙanƙarata, bangon gidan ma huci yake yi. Yaran unguwa kuwa ko a jikinsu. Suna nan kewaye da teburin ƙarfen nan mai doro da ke gindin bangonmu, suna wasan da suke kira tekbol: a kan tebur ake buga ƙwallo, da kai, da ƙirji, da gwiwa, da ƙafa, ban da hannu. Jiya gasa suka ƙirƙiro ta kansu. Duk wanda ƙwallo ta kuɓuce wa sai ya zagaya teburin da tsallen kwaɗo, sauran suna tafi suna yi masa kukan kwaɗo, yaran da rabinsu ba su taɓa ganin kwaɗo da idonsu ba. Kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya yi dariya. Ni kaɗai ce ƙarar nan ta tam, tam take hawa wa kai, don da na ji ta sai wani azumi ya dawo mini sabo, kuma har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ni Arlit tun da sauran ƙuruciyata. Maigidana Ba'adare ne, mutumin ƙasar Tawa, mai walda. Ƙarfinsa duka a ramin haƙar ma'adinai na kamfani a Akokan ya ƙare, yana gyaran ƙarafan da ke tokare da ƙasa a kan mutane. Shef Ada ake ce masa. A wancan zamanin muna zaune a site, gidajen ma'aikata, famfo a tsakar gida, kuran, wato wutar lantarki, ba ya ɗaukewa, ni ban ma san ana sayen ruwa da kuɗi ba. Sai ga shekarar da aka rufe ramin, saura kaɗan a kama azumi. Aka sallami mutane. Wasu suka ɗaure kaya suka koma garuruwansu, mu kuwa muka kwashi komatsanmu muka dawo unguwar Bukoki, gidan ƙasa mai rufin kwano.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Na sha zafin Arlit shekara da shekaru, amma a bayan fanka na sha shi, ban san shi ido da ido ba sai a ƙarƙashin kwanon nan. Da hantsi ya ɗaga, ba ka isa ka taɓa kyauren ƙofa da hannu ba. Iskar da ke kaɗawa kamar an buɗe bakin tanda. Mukan jiƙa zane mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe ƙamas. Ruwan bido, wato jarka, in ya wuni a waje, alwala da shi sai ka cije. Leɓe ya tsage, yawu ya ƙafe, har magana mutum yake tattali. Awaki su kwanta a gindin bango suna haki, in sun samu kwali su tauna. Kayan Aljeriya da muka saba da su, makaroni da madarar gari da dabino, duk suka yi tsada, ga shi gida ba albashi.

Wunina kuwa layi ɗaya yake bi. In tashi sahur in ɗumama tuwon gero, in dama fura. Ana idar da asuba mu kwashi biduna a amalanke mu nufi famfon unguwa, don ruwa da sassafe yake zuwa, in ya ga dama. In an dawo a jiƙa wake, a jiƙa tsamiya, a ɗaura zoɓo a leda a jera a firigon da na taho da shi daga site, a zauna ana roƙon Allah kada a ɗauke kuran. Ana kuwa ɗaukewa. Sai ka buɗe firigo da la'asar ka tarar da ƙanƙara ta koma ruwa, masu saye sun yi cirko-cirko a ƙofa. Daga nan a kai niƙa, a hura gawayi, a soya ƙosai, a dama kunu. Kafin a kira magariba ƙafafuna sun daina jin nawa ne.

A cikin wannan hali ina da maza biyu a gida, kowanne da irin nasa ciwon kan da yake ba ni.

Na farko Maigida. Mutumin da ya saba tashi da asuba ya shiga rami, yau ga shi zaune ba aikin fari ba na baƙi. Hannunsa ya ƙi zama. Ya miƙar da ludayina. Ya miƙar da ƙafar gado. Ya cire kyauren ban ɗaki ya bubbuge shi ya mayar. Murfin tukunyar maƙwabciya ma da ta aro mini, bai koma gidansu da lotsawarsa ba. In na yi magana sai ya ce, "Ke ba ki sani ba. Can ƙasa, ƙarhe in ya karkace kashe mutum yakai." Shekarunsa na aiki kaf abin da idonsa ya koya ke nan, ya hango karkatacce ya gyara kafin ya faɗo wa wani. Na san da haka, ina kuma tausaya masa, amma tausayi bai hana ni ƙosawa ba.

Na biyu Habu, ɗana na uku, lokacin ya fara zama saurayi. Yaron nan tun yana ƙarami kamar Allah bai ba shi hannu ba. Da ƙafa yake rufe ƙofa. Da ƙafa yake turo mini buta. In lemo ya faɗo daga faranti, kafin ya kai ƙasa ya tare shi da bayan ƙafa ya cillo shi sama. Na yi faɗa har na gaji. "Habu, hannun nan ado ne?" Sai ya yi dariya ya ce, "Inna, hannu na gola ne." Duk Arlit an san shi a teren, wato filin ƙwallo, har manya kan tsaya kallonsa. To amma da aka rufe rami sai samarin gari suka juya fuska arewa, Cibarakaten, wurin haƙar zinariya. Abokansa sun gama shiri, bayan Sallah za su hau mota. Ranar da ya faɗa mini shi ma zai bi su, ina tankaɗe, sai da rariya ta suɓuce mini. Na san ramukan can. Na ga waɗanda suka dawo da tari, na kuma je gaisuwar waɗanda ba su dawo ba. Ubansa ya ƙare ƙuruciyarsa a rami mai injin iska da likita a kusa, shi kuma zai shiga wanda igiya kaɗai ke tsakaninsa da lahira.

Ana cikin haka Mushe Illa ya yi sallama, mu nan malamin boko Mushe muke ce masa. Malamin motsa jiki ne a lakwal, makarantar su Habu, mutumin Maraɗi, shi ke horar da yaran unguwa ba ko sisi. Ya zauna a kan tabarma ya ce bayan Sallah mutanen wata makarantar ƙwallo ta Yamai za su zo Agadas, za a tara yaran jiha a gwada su, a ɗebi kaɗan a tafi da su, ci da sha da karatu duk a kansu. Cikin gwajin har da wani sabon wasa na kan tebur, da shi suke auna iya sarrafa ƙwallo. Yaran Agadas sun daɗe da samun teburin, mu kuwa ya yi ta roƙo har wata ƙungiya ta sa maƙeran Yamai sun ƙera mana ɗaya, yana kan hanya.

"Hajiya," ya ce, ko da yake ban je Makka ba, "in yaron ga ya samu watan nan yana taɓa teburin nan, wallahi ban ga mai tare shi ba."

Na dubi Habu na ce, "Ka ji. In an ɗauke ka fa?"

"In an ɗauke ni, Inna, me zan je yi a daji?"

"In ba a ɗauke ka ba?"

Ya sunkuyar da kai yana murza ƙwallo a ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Ban ƙara tambaya ba. Tun daga ranar, ni da ban san kan ƙwallo ba, na koma mai addu'ar isowar tebur a kowace sujada.

Ya iso a farkon azumi, a saman wani kamyo, babbar motar kaya, an ɗaure shi a kan buhunan hatsi. Duk wanda ya san hanyar Agadas zuwa Arlit ya san abin da take yi wa kaya. Kwalta ta mutu tun tuni, firigo kan iso ba ƙofa, gado kan iso da ƙafa uku. Amma teburin ya iso lafiya lau, shuɗi, na farantin ƙarfe, bayansa a gantsare kamar doron raƙumi, da ɗan shinge a tsakiya. Mushe Illa ya ce lakwal ba mai gadi, masu satar ƙarfe za su yanka shi a dare ɗaya, don haka a riƙa ajiye shi a gidanmu. Har da cewa, "Ai ƙarfe ba shi da wurin kwana da ya fi gidan mai walda." Na sha tuna masa wannan magana daga baya.

Ranar Maigida ba ya nan, ya tafi Akokan gaisuwar rasuwar wani abokin aikinsu. Da la'asar sakaliya yara suka kafa teburin a ƙofar gida. Na bar ƙosai a kan wuta na leƙo, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Yara da azumi a bakinsu, leɓe fari fat, amma sai tsalle suke. Mushe ya ce kowa ya taɓa sau uku, kada ya maimaita gaɓa ɗaya a jere, sannan ya mayar. Wani ya kai kai, ƙwallo ta daki doron ta dawo ta same shi a hanci, aka bushe da dariya. Wani ya ɗaga ƙafa ya zame ya zauna daɓas. Suka ce duk wanda ya faɗi shi zai tura mini amalanken ruwa gobe, na ce na yarda, Allah ya sa su faɗi duka. Sai aka zo kan Habu. Ƙirji, gwiwa, sannan ya juya baya ya dako ta da dunduniya, ta sauka a can gefen doron ta fice. Yara suka ɗau ihu. Mushe Illa ya cire hularsa ya jefa sama. Ni kuwa ƙosaina ya ƙone, ban damu ba. Rabon da in ga haƙoran yaron nan tun kafin a rufe rami.

Gab da magariba suka ɗauko teburin suka shigo da shi tsakar gida, suka watse. Habu ya ɗauki buta ya yi masallaci. Shigowar Maigida ke nan, a gajiye, ƙura har gira. Ina durƙushe gaban kasko, hayaƙi a idona, kunu yana neman yin gudaji, ladan yana gyaran murya. Na ji shi yana zagaya teburin yana ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa.

"Wanga na teburin yaran?"

"Shi ne."

"Mi ya same shi haka?"

"Haka ya zo," na ce, ban ko ɗago ba.

Ya yi tsaki. "Hanyar ga ta gama da kayan mutane."

Aka kira salla, na miƙa masa dabino, magana ta wuce. Har gobe ban yarda laifina ne ba. Na ce haka ya zo, kuma haka ya zo. Duk Bahaushen da ya sayi riga mai hannu ɗaya dogo ya san in an ce haka ta zo, to haka aka ɗinka ta. Amma a Arlit, garin da komai sai ya sha duka a hanya kafin ya iso, haka ya zo tana da wata ma'anar, kuma ita ce ta shiga kunnen Shef Ada.

Washegari bayan asuba ni da Habu da yaran da suka faɗi muka tura amalanke zuwa famfo. Ranar ruwan ya ga dama ya makara. Layin biduna ya miƙe har ya sha kwana, mata zaune a kan nasu, kowa ta ja mayafi ta rufe fuska. Famfon ya yi ta tari yana fitar da iska. Da ya fara zuwa kuma kamar fitsarin ɗan akuya. Aka yi faɗa a kan layi, aka raba, aka sake yi. Rana ta take sosai kafin mu cika namu. Muka turo amalanke cikin yashi, taya tana nutsewa, maƙogwarona kamar an zuba toka. Tun daga bakin lungu na jiyo ƙarar guduma, na kuma jiyo warin ƙarfen da aka gasa. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka wani murfin tukunyar ne ya shiga hannu.

Muka shiga. Ga Maigida tsaye daga shi sai singileti, gumi ya wanke shi, tukunyar gas ɗin da ya aro a gefe, jak ɗin mota a ƙasa. Ga tebur shimfiɗe sumul kamar faranti. Ya yanke haƙarƙarin ƙarfen da ke riƙe da doron, ya gasa su, ya miƙar, ya sake ɗinkewa, har ya ɗora ma'aunin ruwansa na gane karkata a kai, ƙwayar tana tsakiya cif. Fuskarsa kuwa, tun da aka sallame su ban ga ta yi haske irin na ranar ba.

"Habu, zo ka gani," ya ce. "Na hid da ku kunya. Da wanga abu za ku tahi gaban mutane? Yanzu ko ƙwai ka aza bisa, ba ya gangarawa."

Habu ya saki amalanke. Bido ɗaya ya faɗo ya fashe, ruwan da muke nema tun asuba ya bi ƙasa, ba wanda ya ko dube shi. Ya taka a hankali ya je ya shafa teburin. Ya ɗago ƙwallo da ƙafa ya sake ta a kai. Ta yi tsalle a wuri ɗaya, ta sake yi, ta mirgina ta tsaya a jikin shingen. Doron nan shi ke turo ƙwallo waje zuwa ga mai wasa, shi ne wasan gaba ɗaya.

"Baba," ya ce, muryarsa can ƙasa, "haka ake yin shi."

"Haka aka yin mi?"

"Da doron. Haka ake ƙera shi."

Maigida ya dube ni. "Ke kinka ce mini haka ya zo!"

"Na ce haka ya zo, ban ce haka ya lalace ba! Malam, tambaya ciwo ce? Ɗanka yana gidan nan, a tabarma ɗaya kuka yi sahur!"

"Wa ka tambaya in ya ga ƙarhe lanƙwashe? Ke kin taɓa ganin tebur mai doro?"

Gaskiyarsa, ban taɓa gani ba sai jiya. Wannan ne ma ya ƙara ƙona mini rai, don ban samu inda zan kama shi da kyau ba. Na ji kamar in kurma ihu, ga azumi, ga yawu babu. Yaran da suka rako mu suka sulale, kafin azahar labari ya gama Bukoki. Mushe Illa ya zo a kan moto, wato babur, ko hula babu. Ya tsaya ya daɗe yana kallon teburin, sannan ya ciro salula ya nuna wa Maigida hoton wasu Turawa suna buga wasan. Maigida ya karɓa ya ƙura ido, ya sa a maimaita masa, ya sake sawa. Sai ya zauna a kan jak ɗin nan ya ce, "Ashe da gangan anka yi." Maƙwabciyata Buzuwa, wadda ba ta raba namiji da mace a Hausarta, ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Shef, tebur ta warke?" A Damagaram in an yi irin wannan mukan ce gyaran gangar Abzinawa. Ga ni a tsakiyar Abzin, amma Ba'adare ne ya yi mini shi.

Sauran azumin a kan mayar da doro ya ƙare. Miƙar da ƙarfe abu ne da Maigida ya iya da ido rufe, lanƙwasa shi daidai kuwa bai taɓa yi ba, kuma ba shi da awon. Ya zana a ƙasa da gawayi yana kallon salular Mushe. Ya nemo tsohuwar tayar kamyo ya ɗora farantin a kai, ya sa samari suka hau gefe da gefe. Gas ya ƙare, aka jira. Aka samu gas, kuran ya ɗauke, injin walda ya yi shiru. Yakan fara da an idar da asuba, kafin hantsi ƙarfen ya fi ƙarfin hannu, sai ya naɗe tafinsa da tsumma ya ci gaba. Na ga mutumin nan ya rame a tsaye. Wata rana jiri ya ɗebe shi ya faɗi a gindin teburin, na yayyafa masa ruwa, na ce ya karya azumin, ya ƙi. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, in rasa wanda zan bi, sai in huce a kan kunu.

Doro ya dawo, amma ba irin na da ba. Gefe ɗaya ya fi tudu, ga lotsawar guduma nan da can, fentin ya ƙone ya yi dabbare-dabbare. In ƙwallo ta sauka ba mai sanin inda za ta nufa. Yaran kuwa, yara ne, sai abin ya zame musu abin nishaɗi. Suka sa masa suna Teburin Shef. Suka raɗa wa kowane rami suna, wannan Akokan, wancan Asamaka ta bakin iyaka, don in ƙwallo ta faɗa can ta bar ƙasar ke nan. Kullum la'asar sai shewa, wanda ta yaudara a yi masa ature. Habu ne kaɗai ba ya dariya. Ya dage, ya haddace kowane lotso, ya san in ta daki nan hagu za ta yi, in ta daki can za ta mutu. Cikin kwanaki ya gagari kowa a kan teburin. Na ce wa Mushe Illa, "To ai ga shi ya iya." Ya kau da kai ya ce, "Ya iya wannan, Hajiya."

Shan ruwa a gidanmu ya koma kamar zaman makoki. Uba a wannan gefen tabarma, ɗa a wancan, ba mai duban wani, sai ƙarar ludayi. Habu bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba, ni kuwa da ya yi ma da na fi samun sauƙi. A goman ƙarshe wata la'asar hadari ya haɗo daga wajen duwatsu, baƙi ƙirin, iska ta yi sanyi, muka fito da robobi da tukwane muka jera. Aka yi ɗigo kamar na rantsuwa, ƙasa ta yi ƙamshi, shi ke nan ya watse. Muka kwashe tukwanenmu wayam, daren ya fi kowanne zafi.

Bayan Sallah Mushe Illa ya kwashe su zuwa Agadas. Na soya masa ƙosai, na ɗaura masa dabino, na tofa duk addu'ar da na sani. Da suka dawo ban tambayi Habu ba, tafiyarsa kawai na gani daga bakin lungu. Mushe ne ya zauna ya ba ni labari. Ya ce a gudu da ƙwallo ba wanda ya kamo shi. Da aka zo tebur, na can lafiyayye ne sumul, ƙwallo tana tafiya inda ya kamata ta tafi. Ƙafar Habu kuwa ta saba da ƙarya. Sai ya riƙa matsawa hagu yana jiran ta karkace, ita kuwa ta zo sak ta wuce shi. Kafin jikinsa ya yarda cewa wannan teburin ba ya yaudara, an busa, an kira na gaba. Yaran Agadas aka ɗauka.

Mutane suka yi ta ce mini ba rabonsa ba ne. Na sani. Ni ma musulma ce, ba sai an koya mini ƙaddara ba. Wataƙila ko da teburin bai taɓu ba, da wani abin ya tare. Amma wanda ya faɗa rijiya da wanda aka ce wataƙila da ma zai faɗa, ba ciwo ɗaya suke ji ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ba mugu a cikin lamarin. Da wani ne ya cuce mu, da na san ƙofar da zan je in zazzage. Sai ga shi mutumin da ya fi kowa son yaron ne, da azumi a bakinsa, da kyakkyawar niyya, da kalma uku da suka fito daga bakina.

Ranar da motar Cibarakaten za ta tashi, samari sun hau saman biduna sun naɗe fuska da rawani, Maigida ya fito da hular kwanonsa ta rami da takalman aikinsa ya miƙa wa Habu. Ya ce, "In ka ga icce ko ƙarhe ya karkace bisa kanka, hito. Kak ka tsaya." Habu ya karɓa ya ce, "To, Baba." Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan. Ni na koma gida na tarar an ɗauke kuran, na zauna gaban firigo na yi kukana.

Maigida bai bar teburin ba. Ya aika Yamai aka auno masa na gaskiya, ya sayar da agogonsa ya sayi sabon faranti, ya yi ta yi har ya samu doron daidai. Mushe Illa ya zo ya gwada ya ce ko na Agadas albarka. Shi ne wannan da ke gindin bangonmu. Yanzu an kawo famfo kusa, na samu farantin sola mai ba da wuta da rana, ƙanƙarata ba ta narkewa, azumi ma ya ja baya ya bar tsakiyar bazara. Kyauren gidanmu kuwa ya karkace tun bara, sai an ɗaga shi yake rufuwa, Maigida yana wucewa ta gabansa safe da yamma bai taɓa shi ba.

Habu yana raye, alhamdu lillahi. Yakan zo da Sallah. Bana ma ya zo, ya yi baƙi, kafaɗa ta buɗe, yana ɗan tarin da ya ce na ƙura ne. Ya kawo mini turmin atamfa, ya kawo wa ubansa agogo. Washegarin Sallah da la'asar muna zaune a ƙofar gida, ni da kulata, Maigida a kan kujerarsa, Habu a tsaye jingine da bango, yara suna ta gasarsu. Sai ƙwallo ta daki doron ta yi waje, ta gangaro ta tsaya daidai ƙafarsa. Wani yaro da ya ji labarinsa ya ce, "Yaya Habu, taɓa mana ɗaya!" Sauran suka ɗauka, "Taɓa! Taɓa!" Na ga Maigida ya gyara zama. Ni ma na saki murfin kular.

Habu ya dubi ƙwallon. Sai ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu biyu, ya kaɗe mata ƙura, ya miƙa wa yaron.

Maigida ya tashi ya shiga gida, ya ɗaga kyauren nan ya rufe a bayansa. Ni kuwa wata yarinya tana ta miƙo mini kuɗin ƙanƙara, sai da ta kira ni sau nawa kafin in ji.